Ɗigon da ke kan layi: Yadda ake tsara alamomin zanen alƙaluma a kwamfuta

Duk wanda ya taɓa buɗe rahoton Babban Bankin Najeriya, ko na Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, ko kundin kammala digiri na ɗalibin injiniya, ya ci karo da zanen layi. Shi ne layin nan mai hawa da sauka tsakanin ginshiƙai biyu, ɗaya a kwance ɗaya a tsaye, wanda ke nuna yadda wani adadi yake sauyawa da tafiyar lokaci ko da sauyawar wani abu dabam.

Idon mai karatu kan bi layin ne, ya ga ko ya yi sama ko ya yi ƙasa. Ba kasafai ake kula da 'yan ƙananan alamomin da ke zaune a kansa ba, irin su da'ira da murabba'i da alwatika da tauraro. Amma a wurin masu aiki da alƙaluma, waɗannan alamomi ne ke ɗauke da shaida. Kowace alama tana faɗin cewa a daidai wannan gurbi an auna wani abu, ko an ƙirga, ko an gwada. Layin da ya haɗa alama da alama kuwa kwamfuta ce ta ja shi, babu wanda ya auna abin da ke tsakani.

Saboda haka ne manhajojin lissafin kimiyya, musamman MATLAB da takwarorinta, suka bai wa mai zane damar zaɓen siffar alamar, da girmanta, da launinta, da guraben da za ta bayyana. Wannan zaɓi shi ke tantance ko mai karatu zai iya bambance abin da aka auna da abin da aka ƙiyasta.

Abin da alama ke faɗa wanda layi ba ya faɗa

Zanen layi tsohon abu ne. Ana danganta yaɗuwarsa ga William Playfair, ɗan ƙasar Sikotland, wanda ya wallafa littafi a shekarar 1786 ɗauke da zane-zanen cinikayyar Ingila da sauran ƙasashe. Tun daga wancan zamani, ƙarfin layi da rauninsa abu guda ne: yana tafiya ba tare da yankewa ba, sai ya sa mai kallo ya ɗauka cewa an san adadin a kowane lokaci.

Yawan al'ummar Najeriya misali ne da ke fito da wannan matsala fili. Daga samun 'yancin kai zuwa yau, sakamakon ƙidaya uku ne gwamnati ta amince da su. Ta 1963 ta ba da kimanin mutum miliyan 55.7, ta 1991 ta ba da 88,992,220, ta 2006 kuma ta ba da 140,431,790. An soke sakamakon ƙidayar 1973, sannan aka ɗage wadda aka shirya gudanarwa a 2023.

Idan aka zana yawan jama'ar ƙasar daga 1960 zuwa 2024, aka ɗora da'ira iri ɗaya a kan kowace shekara, za a samu alamomi 65 masu kama da juna, kamar dai an yi ƙidaya sau 65. Zanen da ya kiyaye gaskiya zai ja layi siriri domin ƙiyasin masana, ya ajiye cikakkiyar baƙar alama a shekaru ukun nan kaɗai. Mai karatu zai ga da idonsa cewa duk abin da ya biyo bayan 2006 hasashe ne. In ma alamar ƙidaya ta kauce daga kan layin ƙiyasi, wannan tazara ita ma labari ce da ya kamata a gani.

Yadda ake zaɓen alama a MATLAB

MATLAB ta samo asali ne a ƙarshen shekarun 1970, lokacin da Cleve Moler, malami a Jami'ar New Mexico da ke Amurka, ya rubuta ta domin sauƙaƙa wa ɗalibansa lissafi. A 1984 shi da Jack Little suka kafa kamfanin MathWorks, wanda ke da hedikwata a garin Natick na jihar Massachusetts, kuma shi ke fitar da sabuwar sigar manhajar sau biyu a kowace shekara. Sassan koyar da injiniya da kimiyya na jami'o'i a faɗin duniya suna amfani da ita.

Umarnin zana layi a manhajar shi ne plot. Idan aka ba shi jerin lambobi biyu, na kwance da na tsaye, ba tare da ƙarin bayani ba, layi tsura yake ja babu alama ko ɗaya. Wannan ne ma ya sa sabon mai koyo kan ruɗe idan ya nemi zana gurbi ɗaya tak, domin allon zai fito fayau: ba a jan layi da gurbi ɗaya, kuma ba a nemi alama ba.

Hanya mafi sauri ta neman alama ita ce a ƙara gajeren rubutu mai ɗauke da salon layi da siffar alama da launi:

plot(x, y, '--ok')

A nan, gajerun sanduna biyun suna nufin layi mai yanke-yanke, harafin o da'ira ce, harafin k kuma baƙin launi, domin an riga an ba shuɗi harafin b. Ba a damu da wanda ya riga wani zuwa a cikin ukun ba. Sai dai akwai ƙa'ida guda da ya kamata a riƙe: idan aka rubuta alama kaɗai ba tare da salon layi ba, manhajar za ta jera alamomin ne ba ta haɗa su ba. Sau da yawa wannan shi ne zaɓin da ya dace da sakamakon gwaji a ɗakin bincike, inda babu hujjar cewa abin da ke tsakanin awo biyu ya bi miƙaƙƙiyar hanya.

Sigogin MATLAB na baya-bayan nan suna da alamomi 15. Wasunsu rufaffu ne, wato suna da ciki da za a iya cikawa da launi:

o, da'ira
s, murabba'i
d, murabba'in da ya tsaya a kan kusurwarsa, mai siffar daimon
^ da v da > da <, alwatika mai kallon sama, ko ƙasa, ko dama, ko hagu
p da h, tauraro mai tsini biyar da mai tsini shida

Sauran kuwa zane ne kawai marasa ciki: alamar tarawa +, da alamar x, da *, da ɗigo, da gajeren layi a kwance, da gajeren layi a tsaye.

Girma, baki da ciki

Bayan siffa, abubuwa uku ne ke tsara kamannin alama, kuma kowane yana da sunansa a manhajar. Tun daga sigar R2014b ana iya adana layin da aka zana a ƙarƙashin wani suna, sannan a riƙa gyara shi ɗaya bayan ɗaya:

p = plot(x, y, '-o');
p.MarkerSize = 8;
p.MarkerEdgeColor = 'k';
p.MarkerFaceColor = 'w';

MarkerSize shi ne girman alamar, ana kuma auna shi da ma'aunin maɗaba'a wanda 72 daga cikinsa ke yin inci ɗaya. Idan ba a faɗi komai ba, manhajar na ba da 6. MarkerEdgeColor launin bakin alamar ne, wanda ke bin launin layin in ba a sauya ba. MarkerFaceColor kuma launin cikinta ne, wanda asalinsa babu, shi ya sa ake hango layin yana ratsa tsakiyar da'irar. Umarnin da ke sama ya cika cikin da fari, ta yadda da'irar za ta rufe layin ta fito tsaf.

Akwai wurare biyu da masu koyo kan yi tuntuɓe. Na farko, kaurin bakin alama ba shi da umarni na kansa, yana bin LineWidth ne, wato kaurin layin, wanda asalinsa 0.5 ne. Duk wanda ya ƙara wa layi kauri sosai ba tare da ya ƙara girman alama ba, zai tarar da'irorinsa sun toshe. Na biyu, alamar ɗigo tana fitowa ƙarama ƙwarai fiye da da'ira ko da an ba su lambar girma ɗaya, don haka tana buƙatar lamba mai yawa kafin a gan ta a takarda.

Dalilin da ya sa launi kaɗai bai isa ba

A allon kwamfuta, MATLAB na raba layuka da launi, ta fara da shuɗi ta bi da ruwan lemo. Launuka bakwai gare ta a jeri, don haka layi na takwas zai dawo da launin na farko. Amma babbar matsalar tana zuwa ne idan zanen ya bar allo.

A ɗauki ɗalibin da ke kwatanta ruwan saman wata-wata a Sakkwato da Abuja da Fatakwal. A kwamfutarsa layuka ukun sun bambanta sarai. Da zarar ya kai aikin shagon buga takardu aka fitar da shi da baƙin tawada, sannan aka yi fotokwafin sauran kwafe-kwafen da zai miƙa wa malamai, layukan sun koma toka-toka, akwatin da ke bayanin kowane layi kuma ya zama marar amfani. Da ya bai wa Sakkwato cikakkiyar da'ira, Abuja murabba'i marar ciki, Fatakwal kuma alwatika, da kowane injin fotokwafi ya bar masa bambancin.

Haka kuma akwai masu larurar rashin bambance wasu launuka, musamman ja da kore. A tsakanin mutanen da asalinsu ke arewacin Turai, larurar na shafar kimanin namiji ɗaya cikin 12 da mace ɗaya cikin 200, ana kuma samunta a sauran al'ummomi. Zanen da ya dogara ga ja da kore kaɗai ya rufe wa irin waɗannan masu karatu ƙofa.

Masana sun daɗe da nazarin wannan fanni. Bafaranshen masanin taswira Jacques Bertin, a littafin da ya wallafa a 1967, ya lissafa hanyoyin da ido ke bambance alamomi, ciki har da girma da duhu da launi da siffa da fuskantar da alama ta yi. Abin da aka ɗauka daga aikinsa shi ne cewa siffa tana nuna bambancin iri, ba ta nuna fifiko: babu wanda zai ce alwatika ta fi murabba'i yawa. Girma da duhu kuwa suna nuna fifiko. Don haka ana raba garuruwa ko kayayyaki da siffa, a bar girma ga adadi.

Shi kuma William Cleveland, masanin ƙididdiga da ya yi aiki a cibiyar bincike ta Bell Labs a Amurka, ya ba da shawarar amfani da da'ira marar ciki a inda alamomi ke hawan juna. Cikakkun da'irori idan suka taru sukan zama dunƙulen baƙi guda, amma zobba ko sun sarƙe ana iya ƙirga su.

Idan guraben suka yi yawa

Na'urar da ke auna zafin injin sau ɗaya a kowace daƙiƙa za ta tara awo 3,600 a cikin sa'a guda. Idan kowane awo ya samu da'irarsa, layin zai koma kamar igiya mai kauri, ba a ganin siffar alamar balle a bambance ta da ta maƙwabcinta. Gishiri ma in ya yi yawa ɓata miya yake yi.

A da, masu amfani da MATLAB kan zana layin sau biyu, na farko da dukkan lambobin ba alama, na biyu da zaɓaɓɓun lambobi ba layi. Dabarar na aiki, sai dai takan rikita akwatin bayani, domin manhajar na ɗaukar su a matsayin abubuwa biyu. Daga sigar R2016b aka ƙara MarkerIndices, wanda ke ba da damar faɗin guraben da za su samu alama:

p.MarkerIndices = 1:300:3600;

Wannan na nufin a fara daga gurbi na farko, a riƙa tsallake 300, har zuwa ƙarshe. Layin zai ci gaba da bin dukkan awon 3,600, amma alamomi 12 kawai za su bayyana. Ana kuma iya ba shi lambar gurbi ɗaya ko biyu, misali inda zafin ya fi yawa da inda ya fi ƙaranci, domin jan hankali gare su.

Sai dai a nan ma'anar alamar ta sauya. Ta daina nufin "a nan aka auna", ta koma tambarin da ke raba layi da layi. Wajibi ne mai zane ya faɗi haka a rubutun da ke ƙarƙashin zanen, in ba haka ba mai karatu zai ɗauka sau 12 kawai aka yi awo.

Rage alamomi domin tsabtar zane dabam ne da ɓoye sakamakon da aka samu, kuma tarihin binciken sararin samaniya ya nuna tsadar barin wasu gurabe a waje. A ranar 28 ga Janairun 1986, kumbon Challenger na Amurka ya tarwatse daƙiƙa 73 bayan tashinsa, mutum bakwai da ke ciki suka mutu. Musabbabin shi ne gazawar zobban roba da ke toshe mahaɗar rokar, sakamakon tsananin sanyin safiyar.

Kwamitin binciken da William Rogers ya jagoranta ya sanya zane biyu a rahotonsa. Na farko ya nuna tashin da aka taɓa samun lahani a zobban kaɗai, kuma a cikinsa ba a ganin wata alaƙa bayyananna tsakanin sanyi da lahani. Na biyu ya haɗa dukkan tashi 24 da suka gabata. Nan take hoton ya sauya: cikin tashi 20 da aka yi a zafin digiri 66 zuwa sama a ma'aunin Faranhait, uku ne kawai aka samu lahani, yayin da dukkan tashi huɗun da aka yi a digiri 63 zuwa ƙasa suka samu. Guraben da ba a ga wata matsala a cikinsu ba su ne suka fito da gaskiyar, kuma gurbin da ba a sa masa alama ba, a wurin mai kallo bai wanzu ba.

Idan ma'auni ya sauya a tsakiyar hanya

Wani wurin da alama ke da aiki shi ne inda aka sauya hanyar lissafi. A watan Fabrairun 2025, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sanar da cewa hauhawar farashi a Janairu ta tsaya a kashi 24.48 cikin ɗari, bayan kashi 34.80 da ta sanar na Disambar 2024. Tsakanin watannin biyu, hukumar ta sabunta ma'auninta, ta mayar da shekarar da ake kwatanta farashi da ita daga 2009 zuwa 2024, ta kuma sake fasalin kwandon kayayyakin da take bibiya.

Zanen da ya haɗa Disamba da Janairu da layi ɗaya da alama iri ɗaya zai nuna faɗuwar sama da maki 10 a wata guda, abin da mai zuwa kasuwa bai gani ba. Gyaran ba shi da wuya: a bai wa tsohon ma'auni da'ira marar ciki, sabon kuma cikakken murabba'i, sannan a yanke layin a tsakani. A MATLAB ana yanke layi ta hanyar saka NaN a jerin lambobin, wato alamar da ke nufin babu lamba a wannan gurbi. Manhajar na tsayawa a nan ta bar giɓi.

Ita wannan dabara ce ake amfani da ita idan tashar auna yanayi ta daina aiki na wasu watanni. Cike giɓin da sifili ƙarya ce, domin yana nufin ba a yi ruwa ba. Haɗa gefe da gefe da layi kuma ƙirƙirar awon da ba a yi ba ne. Abin lura shi ne, idan wata guda ya faɗo tsakanin giɓi biyu, ba zai bayyana ba sam sai layin yana da alama.

Iyakar umarnin plot

Dukkan alamomin layi guda a plot girmansu ɗaya, launinsu ɗaya. Wanda ke son kowane gurbi ya samu girma ko launi nasa sai ya koma ga umarnin scatter, ko ya ɗora shi a kan layin ta hanyar hold on. A can ana ba da girma ne da faɗin filin da alamar ta mamaye, shi ya sa asalin lambar take 36, wato 6 sau 6. Bambancin yana da muhimmanci, domin ninka faɗin da'ira sau biyu yana ninka filinta sau huɗu. Mai zanen da ya manta da haka zai nuna wa jama'a adadi biyu a matsayin huɗu.

Sauran manhajoji

Lasisin MATLAB na kuɗi ne, amma ka'idar ɗaya ce a manhajojin kyauta, kowane tsuntsu dai kukan gidansu yake yi. GNU Octave, wadda John Eaton ya assasa, tana karɓar mafi yawan umarnin MATLAB yadda suke. Matplotlib, wadda John Hunter ya fitar a 2003 domin masu rubutu da harshen Python, ta ɗauki haruffa irin waɗannan, tana kuma da markevery domin rage yawan alamomi. A manhajar R ana zaɓen alama da lamba ta hanyar pch, daga 0 zuwa 25, kuma lambobi 21 zuwa 25 ne ke karɓar launin ciki dabam da na baki. Excel ma, wadda ta fi yawa a ofisoshi, tana ba da damar sauya siffa da girma da cikin alama, tare da zaɓin yadda za a ɗauki gurbin da babu komai a cikinsa: a bar giɓi, a mayar da shi sifili, ko a haɗa da layi.

Kafin zane ya fita

Jarrabawar ƙarshe ba ta buƙatar wata manhaja. A buga zanen da baƙin tawada a daidai girman da zai fito a rahoto, domin rage girman hoto na rage girman alamomi tare da shi. A miƙa wa wanda bai san aikin ba, a ga ko zai iya faɗin layin da ke wakiltar kowane abu, da adadin lokutan da aka yi awo, da inda ƙiyasi ya fara.

Shi ma mai karanta rahoton gwamnati ko na kamfani yana da haƙƙin yin waɗannan tambayoyi. Idan ya ga layi mai santsi ya ratsa shekaru masu yawa babu alama ko ɗaya, kuma babu bayani a ƙarƙashinsa, abin da zai fara nema shi ne sau nawa aka fita aka ƙirga, kuma a waɗanne shekaru.